Minsharin da Muka Gada

Gaya, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a zaune da a tafe, ya kiyaye gabanka da bayanka a wannan tafiya da ka ɗaura niyya. Ummanku tana gaishe ka, ko da yake ka san halinta, ba za ta kama suna ba, cewa ta yi a gaida "wancan na Ajingi".

Za ka yi mamaki. Tsakanin Gaya da Ajingi ba tafiyar ɗaukar guzuri ba ce, ga waya a aljihun kowa, amma na zauna ina rubuta maka wasiƙa. Dalili shi ne na gwada baki ya kasa. Ranar Juma'a da ka zo ka durƙusa a ƙofar zaure, ka ce an ɗauke ka tuƙin tirela, farkon wata za ka bar bas ɗin Ajingi ka riƙa kai kaya Kudu, na buɗe baki zan faɗi abin da ke raina, sai na ji kaina ina tambayarka yadda gyaɗa ta yi a wajenku. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, ban saba kallon idonka in yi doguwar magana ba. To takarda ba ta da ido. Ka sami wuri ka zauna, kada ka karanta a tasha ana ta kiranka. Ba labarin gida zan ba ka ba, kowa lafiya. Kurakuraina zan faɗa maka, don akwai ɗaya a ciki da kake shirin tafiya da shi Kudu ba ka sani ba.

Ka san gidanmu da minshari. Kakanka mai sunanka, Allah ya jiƙansa, in ya kwanta ƙailula a zaure masu tallar fura ba sa tambaya ko yana nan, daga bakin titi suke ji. Muka taso muna alfahari da abin, wai alamar namiji ne mai lafiya, wanda ya ci ya ƙoshi ba shi da damuwa. Da nawa ya yi ƙarfi, bayan na haura arba'in wuya ya yi kauri tumbi ya fito, sai na ɗauke shi gado, kamar gonarmu ta Toranke. Wata safiya Ummanku ta kawo mini koko, ta tsaya tana murza bakin zane, ta ce, "Malam, jiya ka ba ni tsoro. Numfashinka ɗaukewa yake yi. Sai ka yi tsit kamar babu rai, har in kai hannu, sannan ka fizgo shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe." Na ce, "To ke aikin da kika samu ke nan, gadin numfashina? In barci na hana ki, ki faɗa kawai." Ran nan na sa aka share ɗakin da ke jikin zaure, na kwashe shimfiɗata na koma can, ina ganin na kashe magana. Ashe mutum ɗaya da Allah ya ba ni mai ganin abin da ke faruwa da ni in na rufe ido, ita na guje wa. Shekara shida na yi ina shaƙewa ni kaɗai a ɗakin nan.

Abba, ba wanda ya taɓa ganin barcin kansa. Duk wanda ya gaya maka wani abu a kan barcinka, matarka ce in Allah ya kawo lokaci, ko abokin kwana a masauki, ka karɓa da hannu biyu. Shi ya gani, kai ba ka gani ba.

Kuskure na biyu a bainar jama'a ya fito. Ka san shekarun da na yi ina jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu, ina gefen Malam Liman. Aikin ba karanta aya kawai ba ne. Malam yana fassara kunnenka yana kansa. In ya ɗauko gefen wata aya daga can wata sura don ya kafa hujja, kafin ya rufe baki ka cafe ka ƙarasa masa, sannan ka dawo daidai inda kuka tsaya. Da wannan ba ya yi mini wuya ko kaɗan, har ɗaga kai nake, Allah ya yafe mini, in ga ko jama'a sun lura. Sai abu ya fara canjawa. In tashi da asuba kai na sarawa, baki a bushe, jiki kamar na kwana ina huɗa. Ayoyi masu kama da juna suka fara rikice mini, in shiga ta wannan sura in fita ta waccan. Malam ya jefo aya, in ji na san ta kamar sunana, amma ta ƙi zuwa baki, sai wani daga cikin sahu ya ɗauko mini. Ba karatu kaɗai ba, in shiga kasuwar Ajingi in tsaya tsakiyar rumfuna ina tambayar kaina me ya kawo ni. Ga saurin fushi, wannan kun sha shi, ba sai na tuna maka ba.

Wata rana a tsakiyar azumi, bayan la'asar, Malam ya shiga dogon bayani a kan rabon gado. Ni dai na san ina saurare. Abin da na sani bayan haka shi ne gwiwar Malam tana zungurina, masallaci ya yi tsit, wasu samari a baya sun cusa kai cikin riga kafaɗunsu na rawa. Makirufo yana gaban bakina, lasifika tana saman masallaci. Minsharin gidanmu ya shiga kowane gida a unguwar, har mata a madafi suka ji. Malam mutumin kirki ne, ya ce, "Alaramma ya sha tsayuwar dare jiya, a yi masa uzuri." Da azumi ya zagayo aka aiko mini cewa in huta bana, an sami mai taimakawa. Na ce madalla, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka.

Ga inda na ɓata. Mu da muka tashi a gaban allo an koya mana karatu ba ya zama a ƙirjin mai saɓo, kuma ban ƙaryata wannan ba. Amma sai na yanke wa kaina hukunci ba shaida, na ce zunubi ne ya kama ni, Allah ke zare littafinsa daga ƙirjina. Na bi rayuwata kaf ina neman laifin. Maganin da na ga ya dace shi ne in ƙara nafilar dare in rage barci. Ka ji fa, mutumin da rashin barci ke kashewa ya tashi ya yanke rabin ɗan abin da yake samu. Na sha rubutu, na mai da goro abinci. Har wurin Audu wanzami na je, wai ko beli ne ya sauko. Ya buɗe bakina ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "Alaramma, ai babana ya riga ni. Tun kana jariri ya cire, bai bar mini komai ba." Ina jin wannan ce kaɗai dariyar da na yi a shekarar.

Ban ce ka bar istigfari ba, kada ka fahimce ni a karkace. Amma jiki ma amana ne, kuma yana da nasa ciwon da ba ruwansa da zunubi. In ka ga kanka ya canja maka, ka yi addu'a, ka kuma taka zuwa wurin waɗanda Allah ya sanar da su aikin jiki. Ni na riƙe ɗaya na saki ɗaya, shekaru suka tafi a haka.

Na uku ƙarya ce, kuma yau ne karon farko da zan warware ta. Ka tuna faɗuwar da na yi a babur a hanyar Ajingi da damina, wadda ta bar mini tabon nan a haɓa? Na gaya muku akuya ce ta gitta. To babu akuya. Rana tsaka ce, hanya fetal. Ina tafe ina tilawa a zuci, sai farkawa na yi a cikin gyaɗar wani bawan Allah, babur a kaina taya na juyawa. Mai gonar ya taso da fartanya a hannu yana salati, ya ɗaga ni, ya ce, "Malam, me ya faru?" Kafin in yi tunani bakina ya ce akuya. Ya waiga gabas ya waiga yamma, bai ga ko kaza ba, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Na gwammace a ce akuya ta kayar da ni da a ce alaramma guda ya yi barci a kan babur. Ummanku ta yi wata guda tana faɗa da masu sakin dabbobi da damina, ina ji na yi shiru. Ka riƙe akuyar nan a ranka, zan dawo kanta.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin tsirata shi ne Malam Garba Disfensa, abokina tun na ƙuruciya, wanda ya yi aikin asibiti har ya yi ritaya a can Ajinginku. Mun shiga itikafi tare a goman ƙarshe, shimfiɗarsa a jikin tawa. Kwana biyu da shiga, da hantsi, ya ja ni wajen randunan alwala, ya ɗaga carbinsa ya ce, "Yusha'u, ka ga wannan? Jiya ba tasbihi na ja da shi ba, kai na ja. Duk sanda numfashinka ya tsaya in ja ɗaya. Na zagaye talatin da uku, na sake zagayewa, ko awa biyu ba a yi ba, na ajiye don jikina ya mutu. Kai ba barci kake ba, kokawa kake. Wallahi ka je Kano a duba ka." Na ce, "Garba, allurar ƙyanda ka iya, ka tsaya a kanta." Ya ce, "Na ji. Amma in aka wayi gari ba ka tashi ba, ni ba ajali kawai zan ce ba, zan ce da taurin kai." Muka yi Sallah ba ma ga maciji.

Sai da na ƙara kusan shekara. Abin da ya karya ni ranar sunan 'yar da ƙanwarka Rukayya ta haifa ne. Mijinta ya girmama ni ya ce in zaɓi suna, na zaɓa, ni na yi wa jaririyar huɗuba da bakina. Da aka taru da safe liman ya juyo ya ce, "Alaramma, me aka sa mata?" Na buɗe baki, babu. Sai da aka aika cikin gida aka tambayo. Washegari na je na tsaya a ƙofar Garba. Ya fito ya dube ni, ya koma ya sako hula.

A babban asibiti a Kano aka kwantar da ni kwana ɗaya, aka manna mini wayoyi a kai da ƙirji, aka maƙala wani abu a yatsa. Likitar ba ta girme ka da yawa ba, har na so in raina ta. Ta ce, "Baba, in ka yi barci naman maƙogwaronka saki yake yi ya toshe hanyar iska. Sai ƙwaƙwalwa ta tashe ka ka ja numfashi ka koma, ba ka ma san ka tashi ba. Haka kake yi har gari ya waye. A kwance ka kwana, amma ba ka yi barci ba. Abin da mutum ya karanta da rana kuwa, a cikin barci mai nauyi yake samun wurin zama." Na ce, "'Yata, tambayata ɗaya ce. In na yi maganin, haddata za ta dawo?" Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da tabbas ba. Gyangyaɗin rana shi ya fi saurin tafiya, in kana sa na'urar kullum. Natsuwa takan biyo baya. Tunawa kuwa, wani yakan ga canji sosai, wani kaɗan, ga kuma shekaru. Mu gwada mu gani." Na ji haushin amsar a lokacin. Yanzu ita ce ta sa na yarda da likitar, don masu yi mini alkawarin warkewa cikin kwana bakwai ba wanda ya cika.

Na'urar ka san ta, wadda jikoki ke kira hancin giwa. Tsofaffin ɗalibaina suka haɗa hannu suka kawo ta, da sola da batir, don sun san halin wutarmu. Iska take turawa a hankali ta hana maƙogwaro rufewa. Makon farko na tsane ta. Hanci ya bushe, fuska ta yi shaida, ga kunya, dattijo da gemunsa an ɗaure masa fuska kamar doki. Ummanku ce ta tsaya. Ita ta kwaso shimfiɗata daga ɗakin zaure ta mayar ciki ba ta nemi izini ba, ta ce, "An gama wannan." Da likita ta ce in daina kwanciya rigingine, ita ta ɗinka aljihu a bayan singiletina ta cusa ƙwallon goruba. Ka juya ka hau goruba sau ɗaya, ba sai an sake gaya maka ba.

To ga abin da na gani, ba ƙari ba ragi. Wata asuba, bai fi kwana ashirin da farawa ba, na farka na zauna a bakin gado ina neman ciwon kan nan, na nema na rasa. Na je masallaci na dawo, na yi karatu har hantsi ban yi gyangyaɗi ba. Ashe haka mutane ke tashi kullum, ni na manta. Gyangyaɗi ya tafi, wannan ba shakka. Fushi ya ragu, ka tambayi Ummanku. Bayan wasu watanni na lura in aka kawo mini sulhu ina riƙe abin da na farko ya faɗa har na biyu ya gama. Hadda kuwa ba ta dawo da kanta ba, na'ura ba ta karatu. Abin da ta yi shi ne, da in na yi tilawa da safe kafin la'asar ta zube, yanzu in na zuba yana zama. Sai da na koma sabon ɗalibi, izu ɗaya-ɗaya, Garba yana riƙe mini Alƙur'ani. Mafi yawa ya dawo, alhamdu lillahi. Amma akwai wurare a tsakiya da har yau in na zo sai na rage gudu, kuma saurin cafiyar nan da nake taƙama da shi bai dawo duka ba. Ban sani ba ko ciwon ne ya ci shi ko shekaru. Kujerar jan baƙi ta tafi, na daina jiran ta. Ka kuma sani ba warkewa ba ce irin ta zazzaɓi. Da aka yi hadari kwana biyu batir bai cika ba, na kwana babu na'ura, washegari tsohon mutumin nan ya dawo da ciwon kansa da fushinsa.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takarda. A zuwana na biyu likitar ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gida. Ta ce abin yakan bi jini, kuma yara ma suna yi, musamman wanda wani nama ya yi wa girma a bayan hanci ko a maƙogwaro. Ta ce za ka ga yaro yana barci baki buɗe, yana minshari kamar babba, da rana ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa malalaci ne. Abba, tana magana ina ganinka. Ina ganinka kana ɗan shekara tara, a zaure da asuba, allo a cinya, kanka na saukowa a hankali har goshi ya taɓa tawada. Ina ganin hannuna yana ɗauko dorina. Ni na sa maka Kasa sarkin barci, 'yan makaranta suka ɗauka, har yau akwai masu kiranka da shi a tasha. In ka biya karatu da safe, da yamma babu, in ce ba ka sa kai ba ne. Ka taɓa ce mini kana kuka, "Wallahi Malam ina yi, guduwa yake." Na ce ƙarya kake. Bayan shekaru ga ni tsaye a kasuwar Ajingi, nawa ya gudu, ba wanda ya doke ni.

Kana ɗan sha huɗu, a izu na goma sha takwas, na karɓe allonka a gaban ɗalibai na ce wannan kan ba na karatu ba ne, a kai shi tasha ko ya iya kiran fasinja. Ka tashi ka kakkaɓe wando ka fita. Tun ran nan ba ka sake zama a zauren nan ba, sai dai ka durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ni da tabbas ko ciwon nan ne ya hana ka, likita ce za ta faɗa. Amma na san ban taɓa tambaya ba. Kuma da na fara ganewa, shekara uku ke nan, na yi shiru. Kullum in ce sai ya zo, in ka zo in tambaye ka gyaɗa. Shirun nan ya fi dorinar muni, don lokacin dorina ban sani ba.

Watan jiya da muka taso daga ta'aziyya a Toranke ka ce za ka sauke ni Gaya, ka sa ni gidan gaba. Wajen ƙarfe uku na rana ne, mota cike, har da mai goyo. Na ga goro a kumatunka, na ga gwangwanayen lemon nan na hana barci a ƙasan kujera. Ba hanya nake kallo ba, kai nake kallo ta wutsiyar ido. Ba mu yi nisa a kwalta ba na ga fatar idonka ta sauko, haɓarka ta taɓa ƙirji, motar ta zame tayar dama ta hau tsakuwa. Wata mata a baya ta yi salati. Ka fizgo sitiyari, ka gyara zama, ka ce, "Rami na kauce wa, Malam." Na waiga. Kwalta sumul. Akuyata ce, Abba, na gane ta. Har muka iso ban iya ce maka komai ba, na sauka na ce Allah ya yi albarka.

Wannan fa a hanyar da kake zuwa ka dawo ka kwana a ɗakinka. Yanzu tirela za a ba ka, kwana biyu ko uku a hanya. Na san abin da wasu direbobi ke haɗiya don ido ya tsaya, kada ka kusance shi, ido kawai yake buɗewa ya bar kai yana barci. In barci ya zo maka ka faka ka kwanta, ko mai kaya zai yi ta kira har waya ta mutu.

Amma babban roƙona ɗaya ne: kada ka karɓi makullin motar nan sai an duba ka. Jiya na je Kano na ga likitar, ta ba mu Laraba ta sama, ka kwana ɗaya a yi maka gwajin da aka yi mini. Garba ya ce da shi za a je, wai yana so ya ga ko taurin kai ma gado ne. Na san abin da kake tsoro, kada masu motar su ji su ba wani, ka rasa aikin da ka daɗe kana nema. Na tambaye ta wannan. Ta ce mai ciwon nan in yana kan magani, aka tabbatar gyangyaɗin ya tafi, yana iya tuƙinsa, wanda bai san yana da shi ba shi ne abin tsoro. In sun jira ka, madalla. In sun ba wani, ka dawo gida, gonar Toranke tana nan, kuma bakina ba zai sake cewa ka gaza ba. In kuwa aka ce lafiyarka ƙalau, gajiya ce kawai, to mun sha iskar Kano, ka tafi da albarkata.

Garba zai ba ka ƙunshi tare da takardar nan. Singileti ce sabuwa da goruba a bayanta. Ummanku ta ɗinka, ta ce in ce maka ni na sa ta. Ban sa ta ba. Ita ta fara cewa, tun kana goye, "Yaron nan numfashinsa ba daidai yake ba." Kunyar ɗan fari ta hana ta nacewa, ni kuma na ce mata gado ne. Ka fara sawa tun yau, amma kada ka ɗauka ta ɗauke maka zuwa Laraba.

Allonka ma yana nan. Ran da na karɓe na jefa shi bayan rumbu, ashe ta ɗauke ta naɗe a zane ta sa a ƙasan adakarta. Shekaranjiya ta fito da shi ta ajiye a gabana. Rubutun ƙarshe yana jiki ba a wanke ba, hannunka ne, kuma a layi na biyar akwai inda alƙalami ya zarce ya yi ƙasa, inda barci ya ɗauke ka. Na daɗe ina kallon wurin. Ban ce ka dawo ka ƙarasa ba, wannan tsakaninka da ranka ne. In ka so, ni ma ɗalibi ne yanzu, sai mu riƙe wa juna. Abin da nake so ka sani kafin ka taka ko'ina shi ne, ko me likita ta faɗa, kai ba malalaci ba ne. Malalaci ba ya shekara goma sha biyu a tasha yana riƙe da kansa. Ka gaya mini kana yi, gaskiya ka faɗa, ni ne ban yarda ba. Ka yafe mini, Abba. Ban taɓa roƙon wani ɗana wannan ba, kuma ba don takarda ba da ban iya ba.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ya haɗa ka da abokan tafiya nagari. Shekaru na yi ina tashinka daga barci da dorina. Yau abin da nake roƙa maka bayan kowace salla shi ne Allah ya ba ka barci, mai nauyi, a kan shimfiɗa, ka farka da kanka garau.

Ranar Laraba ta sama bayan asuba zan zauna a zaure da hulata a kai. In ka zo, kada ka durƙusa a bakin ƙofa. Ka shigo.

Wassalam.

Mahaifinka,
Yusha'u